BABI NA UKU: KALMOMIN JINGINA DA RANCEN GIDA A BIRNIN TSABA DA KEWAYENTA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin da Hausa take bi wajen samun sababbin kalmomi, wato aro da fassara da ƙirƙira da kuma faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma. A wannan babi za a ɗauki fage guda a duba yadda waɗannan hanyoyi suka yi aiki a cikinsa. Fagen kuwa shi ne na rancen mallakar gida, wanda ma'aikatan banki suke kira mogej. Za a yi nazarin ne bisa yadda ake amfani da kalmomin a Birnin Tsaba da ƙasashen da ke kewaye da ita, wato Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, a arewacin Jihar Zamfara.

A wannan yanki rukunin mutane biyu ne suke amfani da kalmomi iri ɗaya, amma ba abu ɗaya suke nufi da su ba. Akwai manoma da 'yan kasuwa waɗanda suka gaji tsarin rance da jingina tun kaka da kakanni. Akwai kuma ma'aikatan albashi, irin su na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, waɗanda suke hulɗa da banki da takardunsa. Yawancin kalmomin da ake fassara wa mutane takardun banki da su tsofaffi ne a harshen, saboda haka kowace takan zo da kayanta na da. Idan mai fassara bai kula ba, sai mutum ya sa hannu a kan takarda yana zaton ya fahimci sharaɗin, alhali abin da ya fahimta shi ne sharaɗin da kakansa ya sani. Abin da ake cinikinsa a nan kuwa gida ne, wanda shi ne rufin asirin magidanci da iyalinsa.

3.1 Aro da Rance da Bashi da Lamuni

Bahaushe ya bambanta waɗannan kalmomi huɗu, ko da yake a maganar yau da kullum akan cuɗa su. Aro shi ne karɓar abu a yi amfani da shi a mayar da shi kansa, kamar galma ko jaki ko keke. Rance shi ne karɓar abin da zai ƙare wajen amfani, a mayar da kwatankwacinsa, kamar kuɗi ko damin gero. Bashi ya fi su faɗi, domin ya ƙunshi duk wani haƙƙi da ya hau kan mutum, ko ta hanyar rance ko ta sayen kaya ba a biya ba. Shi ya sa ake cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Lamuni kuwa asalinsa yarda ce da tsaya wa mutum, wato a ɗauki alkawarin cewa zai biya.

Bisa wannan bambanci, abin da banki yake bayarwa don sayen gida ko gina shi rance ne, kuma da zarar an karɓa ya zama bashi. Kafafen yaɗa labarai sun fi son kalmar lamuni, har sukan ce Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wataƙila don ta fi bashi daɗin ji. Illar wannan zaɓi ita ce wasu sukan ɗauki duk lamunin da ya fito daga gwamnati a matsayin tallafi, wato rabon da ba a biya. A rancen gida wannan zato yana da haɗari ƙwarai, domin akwai abin da aka riƙe wa mutum.

3.2 Jingina

Wannan ita ce uwar kalmomin fagen, kuma a kanta ne ruɗani ya fi yawa. Tushenta shi ne aikatau jingina, wato dogara abu a jikin wani abu, kamar yadda ake jingina sanda a bango. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa zuwa ajiye kadara a hannun mai bin bashi har a biya shi. Kalmar tana da ma'ana uku a yankin da ake nazari.

3.2.1 Jingina a Al'ada

A ƙauyukan ƙasar Hausa abin da aka fi jinginarwa shi ne gona. Magidanci yakan shiga matsi, ko na aurar da 'ya ko na rashin lafiya ko na ƙarewar abinci a tsakiyar damina, sai ya je wurin mai hali ya karɓi kuɗi ya damƙa masa gonarsa a gaban shaidu. Daga ranar gona ta koma hannun mai kuɗi. Shi zai nome ta, shi zai kwashe amfaninta, shekara ɗaya ko biyar ko fiye, har ranar da mai gona ya kawo kuɗin da ya karɓa cif-cif. Amfanin da aka ci ba ya rage ko kwabo daga bashin. Yawanci ba a yanka wa'adi mai tsauri, sai dai al'ada ta hana a fanshi gona tana da shuka a kanta, sai an jira kaka ta wuce. Polly Hill ta yi bayanin irin wannan jingina a littafin da ta wallafa a 1972 a kan Batagarawa ta ƙasar Katsina, kuma tsarin bai bambanta sosai da na arewacin Zamfara ba.

Abubuwa biyu ne suka zauna a zuciyar mai jin kalmar a wannan ma'ana. Na farko, abin da aka jinginar yakan bar hannun mai shi. Na biyu, komai daɗewa ana iya fansarsa, in ba mai shi ba to 'ya'yansa ko jikokinsa. Wannan fahimta ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A 1974 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar Okoiko da Esedalue, ta tabbatar da cewa jinginar ƙasa ta al'ada ba ta rikiɗewa ta zama saye saboda tsawon lokaci.

A shekarun da matsalar 'yan bindiga ta addabi arewacin Zamfara, jingina ta sami wani sabon dalili mai ɗaci, wato neman kuɗin fansar ɗan'uwan da aka sace. Iyali sukan jinginar da gona ko gida ko su sayar cikin gaggawa, a farashin da mai kuɗi ya ga dama. A irin wannan hali ba a tsayawa tantance ko jingina aka yi ko saye, sai daga baya rigima ta tashi a gaban alƙali.

3.2.2 Jingina a Fiƙihu

Malamai suna kiran jingina rahani. Wanda ya jinginar shi ne rahini, wanda aka jinginar wa shi ne murtahini. Waɗannan sunaye suna da amfani, domin a Hausa idan aka ce mai jingina ba a san wanne ake nufi ba daga cikin biyun. Halaccin rahani ya tabbata a aya ta 283 ta Suratul Baƙara, da kuma hadisin da ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jinginar da sulkensa a wurin wani Bayahude a Madina ya karɓi abinci.

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce kotunan shari'a na Zamfara suke bi, jingina ba ta cika sai murtahini ya karɓi abin a hannunsa, ko an ajiye shi wurin wani amintacce da suka yarda da shi. Idan rahini ya mutu ko ya karye kafin a karɓa, to murtahini ya zama daidai da sauran masu bin bashi. Har nan fiƙihu ya dace da al'ada. Inda suka rabu shi ne wajen amfani. A fiƙihu amfanin abin da aka jinginar na mai shi ne, kamar 'ya'yan itace da kuɗin hayar gida, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Idan bashin na rance ne, bai halatta murtahini ya sharɗanta cin amfanin ba, domin ya zama rancen da ya jawo amfani, wanda malamai suke lissafawa cikin riba. Malikiyya sun yi sassauci ne kawai idan bashin ya samo asali daga ciniki, aka kuma ƙayyade tsawon lokacin cin amfanin. Wannan ne ya sa malamai suka daɗe suna sukar jinginar gona yadda ake yin ta a ƙauye, ita kuwa ba ta gushe ba, domin mai kuɗi ba zai saki kuɗinsa a banza ba, mai gona kuma ba shi da wata ƙofa.

3.2.3 Jingina a Banki

A banki al'amarin ya juye. Mutum yakan karɓi rance ya sayi gida ko ya gina, ya shiga ya zauna da iyalinsa. Banki ba ya karɓar makulli, ba ya kwana a gidan, ba ya cin hayarsa. Abin da yake riƙewa shi ne takardun gidan da kuma ikon sayar da shi idan aka kasa biya. Saboda haka sharuɗɗan nan biyu da Bahaushe ya sani duk sun faɗi: abin bai bar hannun mai shi ba, kuma fansa tana da wa'adi, wanda idan aka saɓa masa ana iya rasa gidan ɗungurungum.

Akwai wani abin lura a tarihin kalmar mogej ita kanta. Ta shiga Ingilishi ne daga tsohon Faransanci, inda take nufin matacciyar jingina. A Ingila ta ƙarni na 12 ana kiran jingina matacciya idan mai bin bashi yana cin amfanin ƙasar ba tare da bashin ya ragu ba, ana kuma kiran ta rayayyiya idan amfanin yana rage bashin. Masana shari'arsu na lokacin sun ɗauki matacciyar a matsayin wani nau'i na riba. Ke nan asalin mogej ya fi kama da jinginar gonar ƙauye fiye da abin da banki yake yi a yau. Kalmar Ingilishi ce ta sauya ma'ana a tsawon ƙarnoni, ta Hausa kuwa tana nan inda take.

Jinginar banki iri biyu ce. Akwai wadda ake rubuta yarjejeniya cikakkiya, a biya harajin hatimi, a nemi amincewar gwamna, a yi mata rajista a ofishin filaye. Wannan ita ce take ba banki ikon sayar da gida ba sai ya je kotu ba, in dai ya cika sharuɗɗan sanarwa. Akwai kuma wadda mutum yake ajiye takardun gidansa kawai a banki da niyyar su zama madogarar rance, wadda a cikinta banki yakan bukaci umurnin kotu kafin ya sayar. Malaman zamani da yawa sun ɗauki rajista a matsayin karɓa ta hukunci, wato ta tsaya a madadin karɓa da hannu da fiƙihu ya sharɗanta.

Tun da kalma ɗaya ba za ta ɗauki wannan nauyi duka ba, wannan bincike yana ganin ya dace a riƙa cewa jinginar hannu ga ta al'ada, a ce jinginar takarda ga ta banki. Fassarar rancen gida ita kaɗai ba ta wadatar ba, domin ta ɓoye ɓangaren da ya fi muhimmanci, wato gidan yana iya tafiya.

3.3 Uwar Kuɗi da Ruwa da Riba

Uwar kuɗi ita ce ainihin adadin da aka ranta. Kalma ce ta 'yan kasuwa, kuma ta zauna daram a wannan fage ba tare da wata matsala ba. Ruwa ko kuɗin ruwa shi ne ƙarin da banki yake ɗorawa, wanda ake lissafawa da kashi cikin ɗari a kowace shekara. Wa'adi shi ne tsawon shekarun biya.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne jin an ce ruwan kashi 6 cikin 100 ne, sai su ɗauka sau ɗaya za a ɗora shi a kan uwar kuɗi. A ɗauka misali ma'aikaci ya ranci naira miliyan 5 a kan ruwan kashi 6, wa'adin shekara 20. Abin da zai riƙa biya kowane wata ya kai kimanin naira 35,800. A watan farko naira 25,000 daga ciki ruwa ne, kimanin naira 10,800 kacal ce take rage uwar kuɗi. Kowane wata rabon ruwa yana raguwa kaɗan, rabon uwar kuɗi yana ƙaruwa, domin ana lissafa ruwan ne a kan abin da ya saura. Idan shekara 20 ta cika zai tarar ya biya kusan naira miliyan 8 da dubu 600. Da a ce wa'adin shekara 30 ne, biyan wata zai sauko zuwa kimanin naira 30,000, amma jimillar za ta haura naira miliyan 10 da dubu 700. Wannan tsari na biya ba shi da kalma guda a Hausa. Cewa biya kaɗan-kaɗan bai nuna cewa shekarun farko ruwa ake ta biya ba, shi ya sa wanda ya yi shekara biyar yana biya yakan yi mamaki idan aka nuna masa yawan abin da ya rage a kansa. Ana iya kiran sa biyan zaizaya, tun da a hankali yake cin uwar kuɗin kamar yadda ruwan sama yake cin katanga.

Sai kuma kalmar riba, wadda a rubutun boko kalmomi biyu ne suka haɗu a siffa ɗaya. Akwai riba ta kasuwa, mai dogon wasali a gaɓar farko, wadda ta fito daga kalmar Larabci ribhu, ita kuwa halal ce. Akwai riba da Alƙur'ani ya haramta, mai gajeren wasali a gaɓar farko da karin sauti daban. A baki Bahaushe ba ya ruɗa su, amma a takarda ba abin da yake raba su sai muhallin magana. A jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999, ta kuma fara aiki da ita a Janairun 2000, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Takardar talla da ta ce banki yana ɗora riba kaɗan tana iya korar mai karatu ko ta jawo shi, gwargwadon yadda ya karanta kalmar. Ya fi dacewa a rubutu a bar riba ga ta kasuwa, a yi amfani da kuɗin ruwa ga ɗayar.

Ƙyamar ruwa ce ta sa mutane da yawa a yankin ba sa kusantar rancen gida ko da sun cancanta. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ruwa a 2011, Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu kuma suka biyo baya. Da su ne wasu kalmomin fiƙihu suka fito daga zaure suka shiga ofis. Murabaha ita ce banki ya sayi gida ya sayar wa mutum da ribar da aka bayyana tun farko, ya biya a hankali, kuma tushen kalmar ɗaya ne da na riba ta kasuwa. Ijara haya ce, wadda a wannan fage ake shirya ta yadda za ta ƙare da mallaka. Musharaka mai raguwa kuwa tarayya ce: banki da mutum su haɗa kuɗi su sayi gida, mutum ya riƙa biyan hayar kason banki yana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har gidan ya zama nasa. An ari waɗannan kalmomi yadda suke, kuma sun fi karɓuwa a kunnen jama'a saboda sun saba jin su a bakin malamai.

3.4 Kafin Alƙalami da Asusun Gidaje

Banki ba ya cika biyan kuɗin gida gaba ɗaya. Yakan nemi mai saye ya fara ajiye wani kaso daga aljihunsa, kuma an saba fassara wannan da kafin alƙalami. Fassarar ta yi kusa amma ba ta faɗa daidai ba. A kasuwa kafin alƙalami ɗan abin da ake bayarwa ne don a ƙulla ciniki kada a sayar wa wani. A rancen gida kuwa kason mai gida ne a cikin gidan, kuma shi ne yake fara narkewa idan aka sayar da gidan da hasara. Kiran sa kason mai gida ya fi bayyana matsayinsa.

Hukumar da ta fi shahara a wannan fage ita ce Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda aka kafa a 1977 a kan harsashin wata ƙungiyar gine-gine da aka kafa a 1956. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa da doka ta 3 ta wannan shekara, wadda ta sa a riƙa yanke kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci kowane wata. Shi ne yake fitowa a takardar albashi da haruffan NHF. Wata dokar 2023 ta mayar da shi ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Wanda ya yi wata shida yana zubi yana iya neman rance a kan ruwan kashi 6, wa'adi har shekara 30, ta hannun bankunan jinginar gidaje masu lasisi. Ma'aikata da yawa suna kiran wannan yanka haraji, alhali zubi ne, domin ana mayar wa mutum da kuɗinsa idan ya yi ritaya ko ya kai shekara 60 ba a bin sa bashi. Ya fi kama da adashi, sai dai ba kowa ne yake kwasa ba. Ƙa'ida ita ce biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum yake samu. A misalin da aka kawo a baya, mai biyan naira 35,800 sai albashinsa ya haura naira 107,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne.

3.5 Mallaka da Takardunta

A karin harshen yankin akan ce hili maimakon fili, kuma mutum yakan ce hilinsa ne, ya saya ko ya gada, ya mallaka. Doka ba haka take kallon abin ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kamar yadda dokar 1962 ta Jihar Arewa ta riga ta yi makamancin haka. Abin da mutum yake da shi a doka haƙƙin zama ne da amfani. Gwamna ne yake bayar da shi a birane, ƙaramar hukuma kuma take bayar da na al'ada a karkara. Takardar da jama'a suke kira si-of-o, wadda ake fassarawa da takardar shaidar mallaka, shaida ce ta wannan haƙƙi, yawanci na shekara 99 ga gidan zama. Gwamna yana da ikon soke shi don amfanin jama'a, diyyar da za a biya kuwa ta gini ce da shuka, ba ta ƙasar kanta ba. Kalmar mallaka a nan ta faɗi fiye da abin da takardar ta bayar.

Sashe na 22 na dokar ya hana a jinginar da irin wannan haƙƙi sai da amincewar gwamna. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar wani gida a Legas saboda ba a nemi wannan amincewa ba, banki ya rasa ikon sayarwa. Tun daga lokacin bankuna ba sa wasa da wannan sharaɗi.

A nan ne rancen gida yake tsayawa ga yawancin mutanen Birnin Tsaba da makwabtanta. Takardar da suke riƙe da ita takardar ciniki ce, wadda mai sayarwa da mai saye da dillali da shaidu suka sa wa hannu, wani lokaci da hatimin mai unguwa ko hakimi ko uban ƙasa. A ƙasar Sakkwato da Zamfara uban ƙasa shi ne shugaban gunduma, hakimi yana ƙarƙashinsa, saɓanin yadda ake kiran su a Kano. Wannan takarda tana da ƙarfi a gaban alƙali da dattawan gari, amma banki ba ya karɓar ta a jinginar takarda. Neman ta gwamna kuwa yana bukatar awo da zanen fili da kuɗaɗe da zirga-zirga zuwa Gusau. Idan mai ba da shawara ya tambayi mutum ko yana da takardar gida ya ce yana da ita, duk su biyun gaskiya suka faɗa, amma ba takarda ɗaya suke magana a kai ba.

Gidan gado ma wani cikas ne. Gida da yawa ba a raba su ba, magada goma ko fiye suna da kaso a ciki, maza da mata. Ɗaya daga cikinsu ba shi da ikon jinginar da gidan duka, kuma idan aka sayar da kasonsa sauran suna da haƙƙin shufu'a, wato su biya kuɗin su karɓe kason kafin bare ya shigo.

3.6 Kimantawa da Fansa da Gwanjo

Kafin a ba da rance sai ƙwararre ya kimanta gidan. Yakan fitar da kima biyu: kimar kasuwa, wato abin da gidan zai yi idan aka sayar a natse, da kimar sayarwar dole, wadda take ƙasa da ta farko. Banki ya fi duban ta biyun. Ginin ƙasa da rufin soro ko kwano, wanda shi ne ya fi yawa a ƙauyuka, ba ya samun kima mai kauri a wannan awo, haka ma gidan da ke garin da mutane suke ƙaura daga cikinsa saboda rashin tsaro. Ana kuma sharɗanta inshorar gobara da ta rai, wadda bankunan da ba ruwa suke maye gurbinta da takaful.

Fansa, ko hwansa a lafazin yankin, ita ce biyan bashi a karɓo abin da aka jinginar. A banki ba ta cika da biyan kuɗi kawai, sai an karɓi takardar saki an kuma soke rajistar jinginar a ofishin filaye. Wanda ya gama biya ya tafi bai yi wannan ba, ranar da ya tashi sayar da gidan zai tarar har yanzu sunan banki yana kansa.

Idan aka kasa biya, jama'a sukan ce banki ya ƙwace gida. Kalmar ƙwace tana nuna ƙarfi da zalunci, tana kuma nuna gidan ya zama na banki. Abin da ya fi faruwa shi ne banki ya ba da sanarwa, wa'adinta ya cika, sannan a yi gwanjon gidan. Daga kuɗin da aka samu ake cire ɗawainiyar sayarwa da ragowar uwar kuɗi da ruwan da ya taru. Abin da ya yi saura haƙƙin mai gida ne, dole a mayar masa. Idan kuɗin bai kai ba, cikon yana nan a wuyansa. A wannan gaɓa dokar banki ta dace da fiƙihu, domin a Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai babi a kan hana jingina ta kulle, wato hana murtahini ya sharɗanta cewa idan wa'adi ya cika ba a biya ba abin ya zama nasa. Sayarwa ake yi, a biya shi, a ba mai abu rararsa. Mutumin da ya ɗauki kalmar ƙwace a kan ma'anarta ta zahiri yakan kwashe iyalinsa ya bar gidan, bai halarci gwanjo ba, bai tambayi nawa aka sayar ba, bai kuma nemi rarar da doka da shari'a duka suka ce tasa ce ba.